Wasiƙar Ista Zuwa Gida Damagaram

Liyon, ƙasar Faransa
Ranar Lahadi ta tashin Almasihu

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutanen gida,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da yi muku barka da wannan idi. Ina fata takardar nan za ta same ku lafiya, ku da Yaya da 'ya'yanta da Auta. Ina yi muku sannu da zafin bazara, domin na san a irin wannan lokaci duwatsun Birni ba sa hucewa sai dare ya raba, ga kuma wahalar ruwa da ba ta rabuwa da garinmu. Ni ina nan lafiya, sai kewarku.

Baba, akwai maganar da nake so in yi da ku a kan Auta, amma ina roƙon ku yi mini haƙuri in fara da abin da ya kai ni gare ta.

Kun san aikin da nake yi a nan aikin mayanka ne, ko da yake na san Inna ba ta so a ji a unguwa cewa ɗanta ya koma fawa. Makon da ya wuce shi ne mafi nauyi a wurinmu, saboda mutanen ƙasar nan sun saba cin naman ɗan rago a ranar Ista. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, masu sayen naman ba su taɓa ganin an yanka dabba ba; a cikin leda suke ɗaukarsa daga kanti, a wanke, babu jini babu ƙaho. Wani abokin aikina, Bafaranshe, ya ce mini shi abin da ya raba shi da majami'a shi ne maganar jini, wai ta yaya Allah mai ƙauna zai bukaci a zub da jini kafin ya yi gafara. Ban iya ba shi amsa nan take ba, amma tambayarsa ta kwana da ni har Juma'ar da muke tunawa da gicciye.

Mu da muka tashi a Damagaram, maganar hadaya ba baƙuwa ba ce a gare mu. Kowace babbar salla mun ga maƙwabtanmu Musulmi sun ɗaure rago a ƙofar gida, yara suna ba shi harawa da dusa har ya saba da su, sannan a wayi gari a yanka shi a aiko mana da namu rabon. Duk wanda ya ga haka ya san layya ba ta yiwuwa sai mai gida ya rabu da abin da yake da daraja a wurinsa. Labarin da suke tunawa da shi kuwa muna da shi a Littafin Farawa, sura ta 22, sai dai su sun ce Isma'ila ne, mu kuma Littafinmu ya ce Ishaku. Wurin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne inda yaron, yana ɗauke da itacen a kansa, ya tambayi mahaifinsa ina ragon yake, Ibrahim ya amsa masa cewa Allah da kansa zai tanada. Ragon da aka samu ƙahoninsa sun sarƙe a cikin kurmi ba daga garken Ibrahim ya fito ba, Allah ne ya kawo shi.

Na koma na karanta Littafin Firistoci, wanda a da nake tsallakewa in kun sa mu karatun dare, kuma ina neman gafararku a kan wannan. A sura ta 16 an bayyana Ranar Kafara, wadda take faɗuwa a rana ta 10 ga wata na 7. A wannan rana kaɗai cikin shekara babban firist yake shiga Wuri Mafi Tsarki, bayan labule, kuma ba ya shiga sai ya fara miƙa bijimi saboda nasa zunubin da na gidansa. Sannan a kawo bunsuru biyu a jefa musu ƙuri'a: ɗaya a yanka, a yayyafa jininsa a kan murfin akwatin alkawari, ɗayan kuma firist ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifofin jama'a duka, a kora shi jeji inda ba kowa. Na fahimci cewa bunsuru ɗaya bai isa ya nuna abin da ake nufi ba. Na farkon yana nuna cewa zunubi yana cin rai, domin sura ta 17 ta ce ran kowace halitta yana cikin jininta, na biyun kuma yana nuna cewa an ɗauke laifin an kai shi inda ba zai dawo ba. Wani abin da na lura da shi kuma, ba a rufe wa talaka ƙofa ba: wanda bai iya kawo tunkiya ba yana iya kawo kurciya biyu ko 'yan tattabaru biyu, wanda ko wannan ya gagare shi ya kawo gari. Maryamu da Yusufu ma, sa'ad da suka kai jariri Yesu Haikali, hadayar tsuntsaye biyu ta marasa ƙarfi Luka ya ambata a kansu.

Amma duk wannan ana maimaita shi kowace shekara, kuma abin da ake ta maimaitawa bai gama aikinsa ba ke nan. Wasiƙar Ibraniyawa, sura ta 10, ta faɗa a fili cewa jinin bijimai da na awaki ba zai iya kawar da zunubi ba, tuni ne kawai yake yi wa mutane da bashin da ke kansu. Saboda haka Yahaya Mai Baftisma, da ya ga Yesu yana zuwa, ya kira shi Ɗan Ragon Allah mai ɗauke zunubin duniya, kuma an gicciye shi a lokacin Idin Ƙetarewa, idin da Yahudawa suke tunawa da jinin ɗan ragon da aka shafa a dogaran ƙofa a Masar. Markus ya rubuta cewa da ya saki ransa, labulen Haikali ya tsage gida biyu daga sama har ƙasa. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu Romawa suka rushe Haikalin, hadayar dabbobi a can ta tsaya, mu kuwa mun gaskata cewa tun kafin nan an riga an miƙa wadda ta isa, sau ɗaya tak.

Amsar da na so in ba abokin aikina, ku ne kuka koya mini ita, ba da baki ba. Ba zan manta da Juma'ar 16 ga Janairun 2015 ba, ranar da aka ƙone majami'u a garinmu, muka kwana a ɗakin maƙwabcinmu Musulmi wanda ya tsaya a ƙofarsa ya ce duk wanda ke cikin gidansa amanarsa ne. Bayan ƙura ta lafa kun ce kun yafe, ni kuwa a lokacin na ɗauka yafewa magana ce ta fatar baki. Sai daga baya na ga kun sayar da awakin Inna da hatsin da kuka ajiye domin a sake yin kujerun ibada. Kujerun ba su dawo da kansu ba don an ce an yafe. Dole wani ya biya, kuma tun da kun ƙi neman diyya daga waɗanda suka yi ɓarnar, biyan ya faɗo a kanku. Haka na fahimci gicciye. Allah bai kama wani bare ya yanka don ya huce fushinsa ba. Bulus ya ce Allah yana cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa. Wanda aka yi wa laifin shi ne ya sauko ya ɗauki asarar. Kalmar kafara ma da muke amfani da ita, maƙwabtanmu sun san ta, domin wanda ya karya rantsuwa a cikinsu yakan ciyar da miskinai 10, sai dai a can mai laifi ne yake biya, a bangaskiyarmu kuwa wanda ake bi bashin ba shi da abin biya, mai bin bashin ne ya biya.

To, ga maganar Auta. Yaya ta sanar da ni cewa kuɗin da na yi shekara biyu ina aikowa domin a tayar da ɗakuna biyu a filinmu, ya sa su cikin wata harkar kasuwanci ba da sanin kowa ba, sun nutse, kuma tun daga ranar da abin ya fito fili kun hana shi cin abinci tare da ku. Ba zan ɓoye muku ba, na yi wata guda ba na ɗaukar wayarsa, domin kuɗin nan na tsayuwar sa'o'i ne a ɗakin sanyi, hannuwana suna tsagewa. Abin da ya yi laifi ne, kuma ina so ya furta shi da bakinsa a gabanku, ba tare da kewaye-kewaye ba. Amma ni na yafe masa bashin gaba ɗaya, kuma na san abin da hakan yake nufi: zan ƙara shekara biyu a nan kafin in ga fuskar Inna. Na zauna na yi lissafin, na kuwa yarda da shi. Kada a riƙa ambata masa kuɗin in an yi saɓani, kada kuma a ce ya biya kaɗan-kaɗan, domin idan aka yi haka ba a kora bunsurun jeji ba, an ɗaure shi ne a bayan gida.

Ina roƙonku, Baba, ku kira shi ya sa hannu a akushi ɗaya da ku ranar da aka karanta muku wannan takarda. Na aika wa Yaya ɗan abin da za a sayi rago a Kasuwar Dole. Idan an yanka, a kai wa maƙwabcinmu cinya guda, a ce daga ni ne. Ku gaishe mini da fasto da iyalinsa, da Gwaggo a Mirya. Ku ce wa Auta ya bar wayarsa a buɗe ranar Lahadi mai zuwa da yamma, zan kira shi bayan mun taso daga sujada.

Ni ne ɗanku mai biyayya.