Irin Manoman Kan Dutse Na Salwanta: Acha, Iburu, Tamba da Dauro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in yi tsokaci a kan shafinku na noma. Duk sa'ad da kuka taɓo batun gero, zancen ba ya wuce ingantaccen iri, wato SOSAT da 'yan'uwansa, da buhu nawa ake samu a hekta. Ba na ƙin wannan, domin manomin Yobe da damina ke yi wa gajarta yana buƙatar irin da ke nuna da wuri. Amma akwai dangin gero da ke hannun ƙabilun kan duwatsu, a Filato da kudancin Kaduna da kudancin Bauchi, waɗanda ban taɓa ganin kun waiwaya ba: acha, iburu, tamba da dauro.

Waɗannan ba irin kamfani ba ne, iyaye suka bar wa 'ya'ya. Berom da Ngas da Ron da maƙwabtansu sun daɗe suna yafa acha a ƙasa mai tsakuwa da marmara, inda masara ba za ta yi kai ba sai an ɗura mata takin zamani. Kuma acha ba ɗaya ba ce. Akwai mai saurin nuna, wadda ake yanka da lauje tun damina na tsaka, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma dawa ba ta ko fid da kai ba. Akwai mai jinkiri da ke kaiwa kaka. Kowace na da sunanta a harshen masu ita, kuma tsohuwa na iya bambance su da ta murza a tafin hannu. Iburu kuwa kusan ba a nomansa a duniya sai a wannan yanki namu da wani ɓangare na arewacin Togo da Benin. Dauro dasa shi ake yi bayan an rene shi. Tamba tana shekaru a rumbu ƙwari ba su taɓa ta ba, ga sinadarin ƙarfafa ƙashi da ya fi na shinkafa da masara nesa ba kusa ba. Ba banza ba ake dama wa mai jego da yara kununta.

To me ya sa gonakin ke raguwa? Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mace tana gyaran acha ya san amsar. Ƙwayar ƙanana ce ƙwarai. Bayan sussuka sai surfe a turmi, a sheƙe, a sake mayarwa, a sake sheƙewa, hannu na kan taɓarya har kafaɗa ta gaji. Sannan a zo wurin rairaya: ƙwarya biyu da ruwa, ana juyewa daga wannan zuwa waccan a hankali don yashi ya kwanta a ƙasa. In aka yi garaje, mai cin tuwon zai ji tsakuwa a haƙori, gobe kuma ba zai saya ba. Yarinyar da ta tashi tana kallon uwarta a wannan wahala, da wane baki za a ce mata kada ta koma ga masara da ake kaiwa inji, ko dankalin Turawa da motoci ke zuwa ɗauka har Bokkos da Mangu?

Abin takaicin shi ne, maganin ya daɗe da samuwa. Wani malami ɗan Senegal, Sanoussi Diakité, ya ƙera injin surfen acha, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 1996. Tarayyar Turai ta amince a sayar da acha a kasuwanninta tun ƙarshen 2018, kuma Gini ce ke kan gaba a nomanta. A nan gida ma kasuwa ba ta rasa ba, masu ciwon suga na nemanta a Kano da Abuja (ko da yake ita ma abinci ce mai sitaci, ba magani ba, kada a cika cokali da sunan lafiya). Mai saye na nan, injin ne bai kai ƙauye ba.

Sai kuma abin da ba a son faɗa. Rikicin da ya addabi Riyom da Barikin Ladi da Bokkos, ban da rayuka, yana cin iri. Rumbun da ya ƙone, da irin baɗi ya ƙone. Iyalin da suka yi damina biyu a sansanin 'yan gudun hijira, in sun koma, masara da taki za a raba musu. Achar kakarsu babu mai ita a shago. Haka abin yake a duwatsun Gwoza da Madagali, inda gonaki hawa-hawa da aka tare da jeren duwatsu suna cikin abin da ya sa UNESCO ta sanya Sukur, wani tsohon gari a kan dutsen Madagali, a jerin kayan tarihin duniya a 1999.

Indiya, wadda ta jagoranci ayyana 2023 a matsayin shekarar gero a Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da irin waɗannan ƙabilu a tsaunukan jihar Odisha, kuma tambarmu ce suke nomawa. Daga 2017 gwamnatin jihar ta kafa shiri na musamman: tana sayen tamba a farashin da aka tsayar, tana raba ta cikin tallafin abinci, tana ba ƙungiyoyin mata injuna. Da tsohuwar zuma ake magani, su sun gane.

Mu ma ba mu rasa hukumomi ba. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi ce ke da alhakin acha, tana da reshe a Riyom. Ta Tafkin Chadi a Maiduguri na kula da gero. Akwai ma'ajiyar iri ta ƙasa a Ibadan. Ina so wakilinku ya je ya tambaye su: nau'in acha da iburu da tamba nawa suka tattara, da sunayensu na gargajiya da ƙauyukan da aka samo su? Kuma in ƙauye ya rasa irinsa, ta wace hanya zai karɓo daga wurinsu? Ya kuma tambayi gwamnatocin Filato da Kaduna me ya hana a sa faten acha ko kunun tamba a abincin 'yan makaranta. In zai je, ya daidaita tafiyar da lokacin girbi, kuma ya zauna da matan, don su ne ke zaɓen iri su adana.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Bukur, Jihar Filato