A gwada ƙwayar gyambon ciki kafin a sake rubuta magani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili kan gyambon ciki. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da zafin ƙirji. Gwajin bayan gida ya nuna ƙwayar Helicobacter pylori mai haddasa gyambon ciki, aka ba ta magungunan omeprazole da amoxicillin da clarithromycin na kwana 14. Ta shanye tas, ciwo ya lafa, ya kuma dawo. Aka maimaita mata su, shiru kake ji. Sai a karo na uku wani likita ya zura mata na'ura ta baki, ya ɗebo ɗan naman ciki aka gwada. Ashe ƙwayar ba ta jin clarithromycin ko kaɗan!

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja hankali kan wannan taurin kai na ƙwayar. Mu ma da laifinmu: da ciki ya murɗa sai kemis, a sayo Flagyl kamar gyaɗa, alhali irin wannan shan magani barkatai ne ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Roƙona ga asibitocin koyarwa, su sassauta kuɗin wannan gwajin na ɗan naman ciki, a yi wa duk wanda maganin farko ya ƙi ci.

Taka,
wata mai karatu daga Zariya