Kafin ƙannenmu su zuba kuɗi a kayan situdiyo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da ƙannena masu buɗe ƙananan situdiyo a Kano, domin abin da nake gani yana damuna. Yaro zai yi wata da watanni yana tara kuɗi, sai wani ya ce masa ai muryar mawaƙinsa ba ta fita ne saboda ba shi da firi'am na daban, wato na'urar da ke ƙara wa sautin makirufo ƙarfi kafin ya shiga kwamfuta. Ya kwashi kuɗin ya sayo, ya haɗa, ƙugin nan bai tafi ba, amsa-kuwwar ɗaki ma sai ƙara fitowa ta yi. Firi'am ba ya tacewa. Duk abin da makirufo ya ji shi zai ɗaga, har da fankar silin da janaretan maƙwabci.

Saun-kad, wato akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta, irin Focusrite Scarlett ko Behringer UMC202HD da nasu firi'am ɗin a ciki, kuma ya wadatar ga waƙa da talla da ɗaukar karatu. A dai tabbatar yana ba da wutar 48V, don makirufo kwandensa, mai saurin jin sauti, irin AT2020 ba ya motsi sai da ita. Inda nake yarda a ƙara wani abu shi ne idan makirufon mai nauyin tashi ne kamar Shure SM7B, wanda ke son ƙarin ƙarfin sauti kusan 60 dB. A ƙaramin saun-kad sai ka murɗe maɓalli har ƙarshe, "shuuu" ta biyo muryar. Nan Cloudlifter, ƙaramar na'ura mai ƙara har 25 dB, yana da amfani.

Amma ni da za a ji tawa, ɗaki za a fara gyarawa. Bangon siminti da ƙasan tayil su ke mayar da murya kamar ana magana cikin randa. A shimfiɗa darduma, a jingina tsohuwar katifa bayan mawaƙi, a rataya bargo mai kauri a kusurwa. Kiret ɗin ƙwai da ake liƙawa a bango wahalar banza ce, bai da kaurin da zai shanye sauti. Wanda ɗakinsa ke bakin titi, 'yan adaidaita sahu na ta hon, makirufo irin Shure SM58 ya fi masa kwandensa, don ba ya kwaso na nesa sosai.

Sai wuta. In ka ji ƙugi, zare cajar laftof ka saurara da batir kaɗai. In ya ɗauke, matsalar daga cajar take ko daga wayarin ɗin ginin; in ba cajar ba ce, sai a kira mai gyaran lantarki ya duba wayar ƙasa. A kuma sayi wayar makirufo ta XLR mai kyau, a tafi kasuwa da hedifon a gwada kaya a gaban mai shago, domin jabun SM58 sun yi yawa.

Wassalam,
Wani mai ɗaukar sauti, Kano