Zuwa ga Yaya, daga Melbon

Assalamu alaikum Yaya, ina gajiya, ya gida ya su Inna da Baba, ya aikin fadama? Allah sa shinkafar bana tai albarka. Ni lafiya lau nake, sanyi ne dai a nan Ostareliya lokacin da ku kuke damina.

Ka ce Baba na tambaya wai mi nake yi da tsutsa haka har na bar Argungu. To ka gaya mai ba irin ta ciki ba ce, wata 'yar mitsitsiya ce da ba ta wuce milimita 1 ba, C. elegans sunanta, sai da madubin likita kake ganinta sosai, kuma rayuwarta duka sati 2 zuwa 3 ce, shi ya sa muke iya kallon tsufanta tun daga ƙyanƙyasa har mutuwa. Abin da muke bi shi ne sinadarin ƙarfe, wanda ke cikin maganin ƙarin jini. Jikinta na da wani furotin, feritin, shi ne rumbun da take ɓoye ƙarfen, mu ma muna da shi. In ta tsufa sai ƙarfe ya taru, rumbun ya kasa riƙewa, wanda ya zube sai ya riƙa lalata kitsen bangon ƙwayoyin jiki har su mutu. Wallahi da ido nake gani, tsohuwar tana kwance a faranti sai na taɓa ta da siririyar waya sannan ta ɗan motsa kai. An gwada, in aka ƙara masu ƙarfe a abinci suna saurin mutuwa, in aka ba su maganin da ke kama shi sai su ƙara kwana.

Tsutsa ba mutum ba ce, amma abin ya tsaya min a rai saboda tonik ɗin nan da Baba ke saye a kemis duk sanda ya ji kasala, kwalba bayan kwalba. Don Allah ka kai shi asibiti a Birnin Kebbi a auna jininshi tukuna, in likita ya ce ya sha to ya sha. Ita kuma matarka kar ta ji wannan ta aje nata ƙwayoyin na awon ciki, mai juna biyu na buƙatar su ƙwarai, ta ci gaba da sha.

Kuɗin gwajin zan turo ranar Juma'a in Allah ya yarda. A gaida Inna, a ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka