Wasiƙa Zuwa ga Aminina: Gardamar da Kilo 80 Ta Tayar

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Ingila? Saƙonka ya iso, na kuma ga ƙorafinka cewa tun da annobar korona ta shigo na daina ba ka labari, kullum sai "lafiya lau" in yi shiru. Ka yi gaskiya. To yau ga labari har sai ka gaji, kuma kai ka jawo, domin kai ne ka turo mini hoton motar McLaren 765LT kana tambaya ko ta ci kuɗinta.

Tun ranar da na nuna wa mutanenmu hoton nan majalisa ba ta sake zama lafiya ba. Ka san halinsu. Babu wanda ya taɓa ko da shafa ƙofar irin wannan mota a cikinmu, amma in ka ji yadda jijiyar wuya ke tashi, sai ka rantse kowa ya ajiye guda biyu a gareji. Hangen Dala dai ba shiga birni ba, sai dai hangen ma da daɗinsa.

Bari in fara da abin da ba a gardama a kansa. A watan Maris na bana, 2020, aka bayyana ta. An so a yaye mata mayafi a bajekolin motoci na Geneva, annoba ta sa aka soke taron, sai aka nuna ta ta intanet. A Woking ake haɗa ta, kudu maso yammacin Landan. Injinta mai silinda takwas ne, lita huɗu, da tarbo biyu, yana ba da ƙarfin doki 765 a ma'aunin Turai, kuma guda 765 kacal suka ce za su ƙera. Kuɗinta fam 280,000. Asalinta wata motar McLaren ce mai suna 720S aka sake wa fasali, aka ƙara mata doki 45, aka rage mata nauyin kilo 80.

Ƙanena shi ne sarkin lissafi. Shi ba ruwansa da komai sai agogo: daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 2.8, zuwa 200 kuma wajen daƙiƙa 7. Yana faɗa yana buga cinya. Ranar nan na bar shi ya gama zuba, sai na tambaye shi ko ya san cewa 720S da ake ganin an wuce ta, ta fi wannan ƙurewar gudu. Ya ce ƙarya ne. Na ce ya duba: tsohuwar tana kai kilomita 341 a awa, sabuwar a 330 take tsayawa. An gajarta mata giya ne don ta riƙa fizga da wuri, an kuma ƙara mata fiffike da haɓa domin iska ta riƙa danne ta a kan kwalta, kuma duk abin da ya danne mota dole ya ja ta baya. Ya yi tsuru-tsuru, can ya ce, "To me ya sa ta fi tsada?" Wannan tambaya tasa ita ce gardamar gaba ɗaya, shi bai ma sani ba.

Wanda ya ba shi amsa shi ne abokinmu bakanike, wanda ka sani, mai maganar nan a hankali kamar ba ya so. Bai ce uffan a kan doki ba. Yatsu ya shiga lanƙwasawa yana ƙirga inda aka tsinto kilo 80 ɗin. Wilin ƙafafu da notinansu na taitaniyom, kilo 22. Kujeru na zaren kabon, waɗanda ba su da laushin kirki, kilo 18. An cire na'urar sanyaya ciki, kilo 10. An cire rediyo da lasifikoki, an ɗebe kafet daga ƙasa, an sa gilashi mai sirantaka, na baya ma ba gilashi ba ne, roba ce mai ƙarfi. Salansa ta taitaniyom, batir ƙarami. Ya ce, "Doki 45 kowane mai kwamfuta zai iya matso maka shi daga injin tarbo cikin yini guda. Amma ka cire kilo 80 daga motar da dama ba ta da kitse, wannan sai an bi ta noti bayan noti."

A nan ni ma na tsaya, kuma ba zan ɓoye maka ba, bayansa nake. Ka tuna tafiyar da muka yi mu biyar a ƙaramar motata, but cike da kaya? Ka tuna yadda take nishi a hawa, in an zo kwana ta kwanta gefe guda kamar za ta durƙusa, burki kuma sai na taka tun daga nesa? Da na sauke ku na juyo ni kaɗai, wallahi kamar an canja mini mota. Inji ɗaya, taya ɗaya, hanya ɗaya, amma sitiyari ya yi sakayau a hannuna, ina taɓa burki tana tsayawa. Ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya kawai yake maka rana. Rashin nauyi kuwa yana tare da kai a kwana, a burki, a tashi, har a cin taya da shan mai. Colin Chapman, wanda ya kafa Lotus, a kan wannan aƙida ya gina kamfaninsa tun shekarun 1950, kuma har yau ban ga wanda ya kayar da ita ba.

Sai dai ba a bar mu mun sha iska ba. Malamin makarantar nan, mai kunnen kiɗa, ya ce duk wannan zance ne, mota mai tarbo ba ta da murya. Kuma yana da hujja. Tarbo da hayaƙin salansa yake aiki: hayaƙin ya juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin inji, iska ta yi yawa, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. To hayaƙin da ya tsaya juya farfela kafin ya fita, ya bar rabin kukansa a can. Shi ya sa injin da ba shi da tarbo yake tsala ihu siriri yana hawa sama, mai tarbo kuma sai gurnani da huci da 'yar fito. Ya sa mini na'urar sauraro a kunne, ya kunna mini Ferrari 458 Speciale tana kai juyi 9,000 a minti, sannan ya kunna 765LT. Gaskiya tsigar jikina a ta farkon ta tashi. Ta biyun tana da amo, bututun salansa huɗu ne a jere a sama, suna tartsatsi in an sauke giya, amma faɗa take yi, ba waƙa ba.

Abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa shi ne motar da Gordon Murray ya fito da ita a watan Agusta, T.50. Mutumin nan shi ya zana McLaren F1 ta 1992, don haka in ya yi magana ana kasa kunne. Tasa ba ta kai tan guda ba, kilo 986, injin silinda goma sha biyu na kamfanin Cosworth babu tarbo, yana juyi har 12,100, giya ta hannu da kuloci, direba a tsakiya, ga wata fanka a baya tana zuƙe iska daga ƙarƙashi. Malam ya ce ga mota, sauran duk kwamfuta ce da taya. Na ce masa sannu, guda 100 za a yi, kowace fam miliyan 2.36 kafin haraji. Kuɗin guda ɗaya ya sayi 765LT takwas har da canji. Kuma kamfanonin nan ba don ƙin waƙa suka koma tarbo ba. Dokokin hayaƙi na Turai ne suka matse su, ƙaramin inji mai tarbo ya fi sauƙin tsallake gwaji. Ita kanta Ferrari tun 2015 ta sa tarbo a motarta 488.

Daga nan na ɗana masa tarko. Na tambaye shi wace mota ce ya fi ƙauna a duniya. Bai yi wata-wata ba ya ce Ferrari F40. Majalisa ta fashe da dariya, domin F40 ta 1987 tarbo biyu gare ta, a kan inji lita 2.9 mai doki 478. Ita ce ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya sa wa albarka kafin ya rasu a 1988. Babu kafet, babu rediyo, ko mariƙin ƙofa na ciki babu, wata 'yar waya ake ja. Kuma tarbonta na da ne, mai jinkiri: ka taka totur ta yi kamar ba ta ji ba, kana shirin ƙara takawa sai ta zabura kamar an tsikari doki. A lokacinta aibi ake kiran wannan jinkiri. Yau shi ake yabo, ana cewa hali ne. Injiniyoyi sun shekara talatin suna kashe jinkirin nan, da suka kusa gamawa sai masoya suka ce an kashe wa mota rai. Wa zai iya wa ɗan Adam?

Mai maganar da ta fi ci mini rai shi ne dillalin cikinmu, don na kasa ture ta. Shi dariya yake wa kalmar "ƙayyadadde". Ya ce a 2015 an fito da McLaren 675LT, aka ce guda 500 ne, mutane suka yi rububi suka saye. Shekarar ba ta ƙare ba aka sanar da mai buɗaɗɗen rufi, ita ma 500. Wanda ya sayi ta farko yana taƙama cewa su ɗari biyar ne a duniya, ya wayi gari su dubu ne. Ita F40 da ake ta kambamawa, 400 aka yi niyya, aka ƙare da sama da 1,300. Ya ce in sa ido, wannan ma za a yanke mata rufi a sake ƙirga wasu 765. Na ce ba a sanar ba. Ya ce, "Ba a sanar ba tukuna."

Ya kuma yi wani lissafi da ya ba ni haushi don ya yi daidai. Da 720S ta fito a 2017, kuɗinta fam dubu 208 da 'yan kai. Bambancin ya haura fam 70,000. Raba shi da 80, kowane kilo da aka cire ya tashi kusan fam 900. Wato ana biyan kuɗi ne don a ba ka ƙasa da abin da ka saba samu. Sannan na'urar sanyin da aka cire, in mai saye ya ce a mayar, kyauta ake mayarwa, haka ma rediyo. Kai ka ga attajirin da zai zauna cikin akwatin kabon, inji na huci a bayan ƙeyarsa, rana na dukan gilashi, ya ce a bar shi da gumi don kilo 10? Bakanike ya ce da yawansu in suka rage tumbi sun huta da biyan fam 9,000. Har dillalin sai da ya dara.

Ko sunan ma bai tsira ba. LT na nufin doguwar jela, an gado shi daga McLaren F1 GTR ta tsere ta 1997, wadda bayanta ya yi zanƙalele da gaske. Wannan kuwa milimita 57 kawai ta fi 720S tsawo, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma mafi yawansa a hanci aka ƙara. Doguwar jela mai dogon hanci ke nan.

Ka tambaye ni ko ta ci kuɗinta. Lambar 765 da aka manna mata sau biyu, ta doki da ta adadi, ba ta burge ni ba, aikin 'yan talla ne. Abin da ke sosa mini zuciya shi ne, a zamanin da motoci ke ta ƙiba, kowace sabuwa ta fi wadda ta gada nauyi saboda batura da allon taɓawa da kujeru masu tausa, an samu wasu mutane sun zauna suna auna noti a sikeli. Da mai da ruwa da komai, kilo 1,339 take. Sun kuma bar mata sitiyari mai aiki da mai, ba na lantarki ba, wanda waɗanda suka tuƙa ta ke cewa yana kawo maka labarin kwalta har tafin hannu. Ƙarfin nan duka a ƙafafun baya kaɗai yake sauka, a kan tayoyin Pirelli Trofeo R da aka yi domin busasshen filin tsere. A ruwan saman ƙasarku ban san mai ƙarfin halin da zai take ta ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne da yawa daga cikinsu ba za su ga filin tsere ba. Za a lulluɓe su a gareji mai sanyi, ana tsoron kada maleji ya hau farashi ya sauka, a jira ranar gwanjo. An cire kafet don kwana, motar kuma ba za ta sha kwanar ba. Da na faɗi haka dillali ya ce ai wannan shi ne hankali. Mun kusa ɓatawa.

Yanzu ga aikin da zan ba ka, tunda gani ya kori ji, kuma an fara miƙa wa masu su. In an sassauta kulle ka ci karo da ita, ko a wurin masu sayarwa ko a bakin titi, kada ka tsaya ɗaukar hoto daga nesa kamar baƙo. Matsa kusa. Leƙa ta taga ka gani ko ƙasan tsirara yake ko an mayar da kafet, ka duba ko akwai maɓallin sanyi. In mai ita yana kusa kuma ka ga fuskarsa a sake, roƙe shi ya tayar da ita, ka ɗauko mini sautin tun daga tashin farko kafin inji ya ɗumama. Malam ya yi alkawarin zai saurara ido rufe, ni kuma na yi alkawarin ba zan sake ambaton F40 ba har sai ya gama.

Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa babban ina nan ina jiran zanen motar da ya ce zai yi mini. Mutanen majalisa duk suna gaisuwa, ƙanena ya ce a tambaye ka ko da gaske ne 330 ɗin.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka