Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ciyaman ɗinmu: da wane mudu kuke auna nasarar yaƙi da ambaliya?

Assalamu alaikum ranka ya daɗe. Ya aiki ya jama'a, Allah ya taya riƙo. Ba zan ja gaisuwa ba, abin da ya kawo ni ya fi ta nauyi.

Mun ji jawabin cika shekara da aka karanta a sakatariya, wai ƙaramar hukumarmu ta samu gagarumar nasara wajen shawo kan ambaliya, kuma da aka zo kawo hujja sai aka hau lissafa buhunan shinkafa da masara, katan ɗin taliya, tabarma, bargo da bandir ɗin kwano da aka raba wa waɗanda abin ya shafa, aka bi da hotuna a Facebook kana miƙa wa wata dattijuwa bokiti. Toh Allah ya saka da alheri, wanda ya samu ya gode. Amma yallaɓai wannan ai ba lissafin nasara ba ne, lissafin yawan mutanen da ruwa ya tagayyara ne. In bana kun raba buhu fiye da na bara to bana an fi bara shiga uku kenan, ta yaya kuma zai zama abin tafi?

Tambayata ɗaya ce, kuma ita nake so a amsa mana a bainar jama'a: daga hawanka zuwa yau, haɗarin da ke kanmu ya ragu ko ya ƙaru, kuma da me kuka gane?

Kai ɗan yankin nan ne, ba sai an koya maka ba. Ka san ruwan da ke cinye mu ba na saman garinmu kaɗai ba ne, in madatsun ruwa na Tiga da Challawa suka cika suka yi amai ruwan zai biyo ta Wudil ya wuce Ringim ya gangaro kogin Haɗeja, ya tarar ciyawar kachalla ta toshe masa hanya sai ya fantsama gonaki da gari, abin da mutanen Auyo, Kafin Hausa, Miga, Guri da Kirikasamma suka haddace tun suna yara. Kuma ba dare ɗaya yake isowa ba, akwai tazarar da za a iya sanar da mutane su kwashe rumbu su kora dabbobi tudu. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar sa ido kan ruwan koguna ta ƙasa, NiHSA, na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya sauka. Takardun nan suna isowa ofishinka? In suna isowa wa yake kai wa bulama da mai unguwa, wa yake kai wa limamin Juma'a ya faɗa a lasifika? Mu dai a ƙauyenmu labarin ruwa daga bakin masunta muke jin sa, ko wani ɗan uwa da ke gaba da mu a kogi ya bugo waya ya ce ku shirya ga shi nan.

Lokacin kamfe a filin kasuwa ka ce kafin kowace damina za a ɗaga jinga, za a yashe kwalbatoci, za a farfaɗo da kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma, wanda dama tsarin ƙasa ya tanada, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa NEMA a sama, takwararta SEMA a jiha, kwamiti a ƙaramar hukuma. Ba mu manta ba wallahi, har da hannu ka ɗaga. Kwamitin nan su waye a ciki? Sau nawa suka zauna da rani? Ko sai ruwa ya shiga ɗaki sannan ake neman lambar wayar juna?

Jingar kuwa mu muka san yadda ake riƙe ta. Karo-karo ake yi a sayi buhunan banza a kasuwa, samari su kwana suna cika su da ƙasa da fitilar waya a baki, ruwa iya cinya, wani na tsaye da sanda yana lalubo inda ta fara tsiyaya ta ƙasa, don jinga ba ta sama take fara cin amana ba, ramin ɓera ɗaya ya isa. Gidan ƙasa ma haka, daga gindi yake jiƙa, ka ga katanga ta yi duhu tana gumi, kwana biyu sai ta zauna, wani lokacin a kan mai barci. Duk wannan babu ko layi ɗaya a jawabinku. Babu inda aka ce ga tsawon jingar da aka gyara kafin watan Yuni, ga kwalbati kaza da aka buɗe, ga ƙauyuka kaza da gargaɗi ya isa gare su kafin ruwa, ga gidaje da eka kaza na shinkafa da suka tafi bana idan aka kwatanta da bara. Kuma ina da yaƙinin ko yau aka ce a ɗauko littafin da aka rubuta asarar 2020 da ta 2022 ƙauye-ƙauye, sai dai a fara kallon juna a ofis. A 2022 ɗin nan fa sama da mutum 600 ambaliya ta kashe a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, firamarorinmu suka koma sansani, yara suka daina karatu. In shekara irin wannan ba ta sa an buɗe littafi ba, wacce ake jira?

Kar wani hadimi ya ce maka abin nan sai ƙwararru daga Abuja. Tun 2015 ƙasashen duniya har da Najeriya suka amince da tsarin rage haɗarin bala'o'i na Sendai a ƙasar Japan, wanda zai kai 2030, kuma abin da yake aunawa shi ne raguwar mace-mace, raguwar waɗanda bala'i ke shafa, raguwar asarar dukiya da lalacewar asibitoci da makarantu, da ƙaruwar yawan mutanen da gargaɗi ke isa gare su da wuri. A cikin manufofinsa bakwai har da cewa ƙananan hukumomi su mallaki nasu tsarin na rage haɗari, wa'adin wannan kuwa 2020 ne, ya wuce tuni. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da rage haɗarin bala'o'i ma ya fitar da takardar da ƙaramar hukuma za ta auna kanta da kanta, tambayoyi 47 a matakin farko, kowacce a ba ta maki daga 0 zuwa 3, aikin zaman kwana ɗaya ko biyu, kuma kyauta take a intanet. Tambayoyin ba wasu na ban tsoro ba ne, kun san haɗarin da ke yankinku, akwai taswirarsa, akwai kuɗi a kasafi, mutane sun san inda za su gudu. Gaskiya ne don birane aka fi tsara ta, wasu tambayoyin ba su shafe mu ba, amma mafi yawansu kamar da mu ake. Matsalarta ɗaya a wurin 'yan siyasa, in aka cika ta tsakani da Allah sifili zai yi yawa a shekarar farko. Ni kuwa na fi son in ga sifilin gaskiya a manne a allon sakatariya, baɗi ya zama ɗaya, da in ga wani hoton bokiti.

Sai dai fa kar ku kulle ƙofa ku ba kanku maki, don mun san ku, uku-uku za ku jera. A kira hakimi da bulamai, sarkin ruwa, shugabannin manoman shinkafa, ardo, ma'aikatan asibiti, hedimastoci, da matan da su ne ke kwana a aji da jarirai in ruwa ya zo. Su za su ce an yi ko ba a yi ba.

Na san za a ce babu kuɗi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko ya fara shigowa ko bai fara ba kai ka sani, amma littafi da biro da zaman kwana biyu ba sa buƙatar hukuncin kotu. Kuɗin man ayarin da ya raka ka rabon taliya ma ya isa.

Akwai sauran abubuwa, amai da gudawa da ke biyo bayan ruwa in rijiyoyi sun haɗe da masai, kwalekwalen da ake lodi ba rigar ruwa ko ɗaya, gobarar kasuwa, ga abin da ya faru a garin Majiya na Jigawa a Oktoban 2024 da tankar mai ta kama da wuta ta ci sama da mutum 150, wanda ya isa ya sa kowace ƙaramar hukuma ta tambayi kanta ina motar kashe gobara mafi kusa. Waɗannan ma a sa su a lissafin.

Dan Allah ranka ya daɗe, dan girman iyayenka, kar a bari sai hadari ya haɗo. Yanzu da kogi ya janye ake iya bin jinga da ƙafa a ga inda ta zaizaye. A sa ranar zaman nan kafin watan Mayu, a sanar a rediyo da masallatai, sakamakon kuma a rubuta shi da Hausa a manna a kowace mazaɓa, kansila ya sa hannu a ƙasa. In an kira za mu zo, da sunayen gidajen da suka faɗi a unguwarmu a rubuce.

Naka,
wani manomin shinkafa daga bakin kogin Haɗeja.