Rigimar soyayyar jinsi ɗaya a diramar Koriya ba daga waje ta zo ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

A shirinku na nishaɗi na makon jiya, wani baƙo ya ce Turawa ne suka cusa wa Koriya ta Kudu labaran soyayyar namiji da namiji da kuɗin Netflix. Na daɗe ina bin diramomin ƙasar, kuma maganar ba haka take ba. Netflix ya shiga Koriya ne a 2016, rigimar kuwa ta girme shi nesa ba kusa ba.

Tun a 2000 ɗan wasa Hong Seok-cheon ya fito fili ya ce shi maza yake so. Nan take aka cire shi daga shirin yara na tashar MBC, sauran tashoshi ma suka juya masa baya. Da sana'ar gidan abinci a unguwar Itaewon ta Seoul ya rufa wa kansa asiri, kafin daga baya ya dawo talabijin.

A 2010 tashar SBS ta haska Life Is Beautiful, wadda gogaggiyar marubuciya Kim Soo-hyun ta rubuta. Labarin wani babban gida ne a tsibirin Jeju, kuma babban ɗan gidan, likita, yana son wani namiji. Abin da ya kama zuciyata a ciki shi ne iyayen, ranar da ya kasa ci gaba da ɓoyewa. Sun yi kuka, sun ruɗe, amma ba su kore shi ba. Sai ga wasu ƙungiyoyin iyaye sun sayi fili a jarida suna cewa in 'ya'yansu suka bi wannan hanya suka kamu da ƙanjamau, alhakin na kan SBS. Daga ƙarshe tashar ta yanke wani fage da masoyan biyu suke ɗaukar alkawari a coci, marubuciyar kuma ta nuna ɓacin ranta a fili.

Har yau manyan tashoshi na kaffa-kaffa. Shi ya sa irin waɗannan labarai suka koma manhajojin intanet na cikin gida: Semantic Error a Watcha a 2022, sai Love in the Big City a TVING a 2024, wadda aka sauke tallanta na ɗan lokaci saboda matsin lambar masu ra'ayin mazan jiya. Ƙasar ba ta amince da auren jinsi ba, kuma a 2023 kotun tsarin mulki ta sake tabbatar da dokar soja da ke hukunta mu'amalar jinsi ɗaya tsakanin sojoji, duk da cewa a 2024 kotun ƙoli ta yarda mutum ya ci moriyar inshorar lafiyar abokin zamansa na jinsi ɗaya.

Ban ce kowa ya sauya abin da addininsa ya koya masa ba, kuma uba na da ikon tace abin da ake kallo a gidansa. Amma akwai mutanen da suka rasa abincinsu da mutuncinsu a kan wannan batu a ƙasarsu, da hannun 'yan ƙasarsu. Share su daga labarin a ce duk makircin baƙi ne rashin adalci ne a gare su, kuma tauye wa masu sauraro gaskiya ne. Ina roƙon ku gyara wannan bayani a shiri na gaba.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya